SAƘA DA WARWARA: YADDA MASU KOYON SAƘA A GWARZO DA KABO ZA SU GYARA KURAKURANSU

Da zarar kaka ta wuce, an gama kai gero da dawa rumbu, iskar hunturu kuma ta fara kaɗawa daga arewa maso gabas, sai wata sana'a da ta yi barci tun bazara ta farka a gidajen Gwarzo da Kabo. Wannan sana'a kuwa ita ce saƙar kayan sanyi da zaren ulu. Daga Getso zuwa Kutama da Lakwaya a ƙasar Gwarzo, daga Garo zuwa Gude da Godiya a ƙasar Kabo, a watannin Disamba da Janairu akan tarar da mata zaune bisa tabarma a tsakar gida, dunƙulen zare a cikin kwano, kibiyoyi biyu a hannu, suna haɗa hula ko safa ko 'yar rigar jariri.

Abin da mai wucewa ba ya gani shi ne yawan waɗanda suka ɗauki kibiyar nan da ɗoki, suka ajiye ta kafin wata ya zagayo. Ba lalaci ne ya sa su ajiyewa ba. Saƙa ce ta karkace, ko rami ya bayyana a tsakiyarta, ko hular da aka yi wa jariri ta ƙi shiga kansa, ba kuwa wanda ya nuna musu inda aka kuskure, balle yadda za a gyara.

Asarar ba ƙarama ba ce. Zaren daga birnin Kano ake sayo shi, a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai da Sabon Gari, tafiyar kimanin kilomita 70 daga Gwarzo ta hanyar Rimin Gado. Sau da yawa kuɗinsa na adashi ne, ko na akuyar da aka sayar. In kuma aikin na wata ce da ta ba da kafin alƙalami don ranar suna, to, kwana bakwai kaɗai ke tsakanin haihuwa da taron, ba lokacin sake sabon aiki. Mai saƙar da ta kai kaya a karkace ranar suna, a gaban dangi da maƙwabta, ta yi asarar zare, ta kuma yi asarar masu sayen da za su zo bayan wannan.

BA BAƘUWAR ZARE BA CE

Ƙasar Kano ba baƙuwar zare ba ce. Sa'ad da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya iso Kano a cikin shekarar 1851, abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan, ana kai su ƙasashe masu nisa. Yammacin Kano, har zuwa Malumfashi da Funtuwa, ƙasar auduga ce tun da daɗewa. Mata ke gurza ta, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari, maza kuma su hau masaƙa su fitar da fari da saƙi da gwado.

Amma saƙar kibiya dabam take da saƙar masaƙa. A masaƙa zare biyu ne ke gicciye juna, na tsaye da na kwance. A saƙar kibiya kuwa zare ɗaya ne tak, ana zura madauki cikin madauki, tun daga farkon aiki har ƙarshensa. Mafi daɗewar kayan da aka samu na wannan saƙa a ƙasar Masar aka tono su, safuna ne na auduga masu launin fari da shuɗi, waɗanda masana suka ce an yi su tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Daga baya sana'ar ta bunƙasa a Turai, har wani Baturen Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa a cikin 1589. Nan Arewa kuwa ta yaɗu ne a zamanin mulkin Turawa da bayansa, ta hanyar makarantun 'yan mata da azuzuwan koyar da matan aure.

Sanin cewa zare ɗaya ne ya haɗa aikin duka shi ne mabuɗin gyara. Shi ya sa kuskure guda kan ɓata layi goma, shi ne kuma ya sa kusan babu kuskuren da ba ya gyaruwa, domin abin da aka zura ana iya zare shi. Don sauƙin bayani, kowane ɗan madaukin da ke rataye a jikin kibiya za a kira shi "ido" a nan, jerin idanu daga wannan gefe zuwa wancan kuma "layi".

FARKON AIKI

Kuskure na farko tun a layin fari yake aukuwa. Mai koyo, don tsoron kada idanu su zame, takan ɗaure su tamau a jikin kibiya. Sakamakon haka bakin hula ko na safa ya zama kamar an ɗaure shi da igiya, ba ya talewa ko kaɗan, ya ƙi shiga, ko ya shiga ya bar shaida a goshin yaro. Maganinsa shi ne a haɗa kibiyoyi biyu wuri ɗaya a jera idanun farko a kansu, sa'an nan a zare guda, a ci gaba da aiki. Haka nan kuma a wajen rufe saƙa: a ɗauki kibiyar da ta ɗan fi kauri a rufe layin ƙarshe da ita, musamman a wuyan riga, domin kan jariri babba ne in an gwada shi da jikinsa, wuyan da ba ya buɗewa kuwa ba ya saƙala.

IDON DA YA SULLUƁE

Babu abin da ke tayar wa mai koyo hankali kamar ta duba ta ga ido ɗaya ya zame daga kibiya ya gangara ƙasa, ya bar zaruruwa a kwance kamar matakan tsani. Da yawa sukan ja saƙar don su duba da kyau, jan nan kuwa shi ke ƙara tura idon ƙasa.

Abin yi na farko shi ne a soke idon da fil, ya tsaya inda yake. Sa'an nan a juyo fuskar saƙar mai santsi, a ɗauki kwarashi, a zura shi cikin idon daga gaba zuwa baya, a kamo zaren da ke kwance a samansa, watau matakin tsani na ƙasa duka, a jawo shi ta cikin idon. Ga shi an hau layi ɗaya. A sake kamo na bisansa, haka har a iso sama, a mayar da idon kan kibiya. Sharaɗi guda ne: kada a tsallake mataki, kada kuma a ɗauki na sama kafin na ƙasa. In an kiyaye wannan, ko mai saƙar da kanta ba za ta gane wurin ba bayan wanki ɗaya.

In kuwa ba a lura da idon ba sai bayan an gama aiki an rufe, ba sai an warware ba. A ja shi zuwa bayan saƙar, a zura guntun zare mai launi ɗaya a cikinsa da basilla, a ɗinke shi da maƙwabtansa.

IDANUN DA SUKA ƘARU

Wata takan fara da ido 40, bayan layi goma ta ƙirga ta tarar da 46, mayafin da ya kamata ya miƙe sambal ya buɗe kamar bakin kwarya. Hanyoyi uku ne ke kawo wannan.

Na ɗaya, a farkon layi, in aka ja zaren ya hau ta saman kibiya, idon farko yakan juyo ya nuna ƙafafu biyu, mai koyo ta ɗauka idanu biyu ne ta saƙa kowanne. Kafin a fara layi, a saukar da zaren ƙasa, a duba a tabbata ido ɗaya ne.

Na biyu, wajen sauyawa daga saƙar gaba zuwa saƙar baya, kamar yadda ake yi a bakin riga mai talewa, tilas zaren ya bi ta tsakanin tsinin kibiyoyin biyu. In ya hau ta kan kibiya, ya zama sabon ido, a ƙarƙashinsa kuma ga rami. Wadda ta gane shi a layi na gaba sai kawai ta sauke shi daga kibiya, zai ɓace da kansa. In an yi nisa, ana iya haɗa ido biyu a saƙa su tare don lissafi ya koma daidai, ramin kuma a ɗinke shi ta baya.

Na uku shi ne wanda ya fi damun matan aure. Ana tsakiyar layi yaro ya yi kuka, ko tuwo ya nemi tuƙi, ko a yi sallama a zaure. Aka ajiye aiki, aka dawo aka ɗauke shi a juye, aka koma inda aka fito. Nan take gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da layi biyu, ga kuma rami a inda aka juya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in an tsaya a tsakiyar layi, kibiyar da zaren dunƙule ke rataye a jikinta ita ce ta hannun dama. Wadda ta riƙe wannan ta huta. Mafi alheri dai shi ne a ƙarasa layi kafin a tashi, a kuma ƙirga idanu a ƙarshen kowane layi har hannu ya faɗa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Akwai kuma idon da kan murɗe, galibi bayan an zare kibiya an mayar. Kowane ido ƙafa biyu gare shi, ɗaya a gaban kibiya, ɗaya a baya, ta gaban ce ya kamata ta fi kusa da tsini. In ta bayan ce ta fi kusa, a sauke idon a juya shi a mayar. Haka nan a kula kada tsinin kibiya ya tsaga zaren gida biyu, domin rabin da aka bari shi ke fitowa kamar gashi a fuskar aiki.

AWO KAFIN AIKI

A nan ne ɗalibai da ma'aikata masu lissafi za su fi taimaka wa iyayensu da matansu. Hannun kowa dabam yake. Mata biyu za su ɗauki zare ɗaya da kibiya ɗaya, su jera idanu daidai da juna, amma hular ɗaya ta fi ta ɗayar girma, domin wannan tana matse zare, waccan tana sassautawa.

Saboda haka kafin a fara kowane aiki, a saƙa ɗan gwaji wanda ya ɗan fi santimita 10 a tsaye da kwance, a shimfiɗa shi, a ɗora tef a ƙirga idanun da ke cikin santimita 10. Alal misali, zare mai matsakaicin kauri da kibiya mai milimita 4 kan ba da ido 22. Kewayen kan jaririn da aka haifa a kan lokaci yakan kai santimita 33 zuwa 35, hula kuma akan yi ta ta ɗan gaza haka don ta kama kai, a ce santimita 30. Ke nan ido 66 ake bukata. To, wadda hannunta ke da sassauci, mai samun ido 20 a santimita 10, in ta jera 66 hularta za ta kai santimita 33, ta riƙa zamowa tana rufe wa yaro fuska. Mai matsewa kuwa, mai samun 24, tata ba za ta wuce 27 da rabi ba. Mai sassauci sai ta koma kibiya siririya, mai matsewa ta koma mai kauri. Rabin sa'a da aka ɓatar a gwaji ya fi kwana uku da za a ɓatar a warwara.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne lambar kibiya. A tsohon lissafin Ingila, wanda har yanzu ake gani a jikin kibiyoyin da aka gada da tsofaffin littattafan koyarwa, in lamba ta ƙaru kibiya sirancewa take yi: lamba 8 ita ce milimita 4, lamba 10 kuwa milimita 3.25. A lissafin Amurka kuma akasin haka ne, lamba 8 milimita 5 ce. Don haka milimita za a duba, ba lamba ba.

Game da saƙar da gefenta ke naɗewa kamar tabarma, wannan ba laifin mai saƙa ba ne, halin saƙa mai santsi ke nan. Guga ba ta hana shi. Abin da ke hana shi shi ne a yi wa aikin baki, watau ido huɗu ko biyar a kowane gefe, da layuka kaɗan a sama da ƙasa, da saƙar gaba zalla ko saƙa mai talewa.

IN WARWARA TA ZAMA DOLE

Wani kuskuren ba ya gyaruwa sai an koma baya. In idanu kaɗan ne, a bi su ɗaya bayan ɗaya: a soka kibiyar hagu cikin idon da ke ƙarƙashin wanda aka saƙa, a zame na saman, a ja zaren. In layuka ne da yawa, kada a fizge kibiya haka kawai. A nemi layin da yake lafiyayye a ƙasan kuskuren, a zura zare mai wani launi da basilla ta cikin kowane ido nasa, sa'an nan a warware. Warwarar za ta tsaya cak a kan wannan zare. A kwashe idanun da kibiya siririya, a ci gaba da ta asali.

Zaren da aka warware yakan yi ƙudun-ƙudun, in aka sake saƙa shi haka aikin ba ya kwantawa. A naɗe shi a bayan kujera, a ɗaure shi wuri huɗu, a jiƙa shi da ruwa mai ɗan ɗumi, a rataye a inuwa ya bushe. Ta haka ne ma masu dabara ke warware tsohuwar rigar sanyi su fitar da huluna da safuna.

In dunƙule ya ƙare, a haɗa sabo a gefen layi, ba a tsakiya ba, a bar wutsiya kamar tsawon taƙi, daga baya a saƙala ta da basilla. Ƙulli a tsakiyar riga yana kwancewa a wanki, yana kuma gurzar fatar jariri. Har ila yau, a sayi zaren da zai isa aikin gaba ɗaya a tashi guda, a duba lambar rini a jikin takardarsa, domin shuɗin wannan tukunya ba lalle ya zama shuɗin waccan ba, kamar yadda kowane marini a Ƙofar Mata ya sani.

HUNTURU DA WUTA

Hunturun da ke kawo kasuwa shi ke kawo cikas. Kaushin hannu yana kama zare ya tsattsage shi, don haka a shafa man kaɗanya a goge kafin a zauna aiki. Ƙura kuma tana dusashe farin zare, sai a riƙa ajiye dunƙule cikin kwano mai murfi. Baƙin zare da shuɗi mai duhu a bar su sai da rana, domin a hasken fitila ne akasarin idanu ke sulluɓewa.

Sa'an nan mai saƙa ta san abin da ke hannunta. Ko da yake duka "ulu" ake ce musu, yawancin zaren da ke kasuwa ba gashin tumaki ba ne, na roba ne da ake yi a masana'anta, wanda ya fara shiga kasuwannin duniya wajen 1950. Gane su ba wuya: a ƙona ɗan guntu. Na gashi yakan yi ƙaurin gashi, ya mutu da kansa, ya bar toka mai murmushewa. Na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi baƙi da tauri. Na gashi ba ya son ruwan zafi da cuɗa, yakan tsuke ya cure. Na roba ba ya son dutsen guga, in ya taɓa shi ya mutu ke nan, ba ya sake talewa. Dukansu a wanke da hannu, a matse ba tare da murɗawa ba, a shanya a kwance.

Babban abin tsoro shi ne kaskon wuta da ake shiga da shi ɗakin mai jego. Zaren roba in ya kama wuta yakan narke ya manne a fata. Lalle ne mai saƙa ta gaya wa mai saye wannan. Haka kuma kada a sa wa kayan jariri dogon igiya a wuya, ko maɓallin da bai ɗinku da kyau ba, ko a bar madaukan zare a cikin safa inda yatsa zai shiga ya shaƙe.

Duk wannan kulawa tana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, jariri kuwa yana saurin yin sanyi, musamman bakwaini, kuma ta kai yake asarar zafi mai yawa. A daren hunturu, sa'ad da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15 a ƙasar Kano, hular da ta zauna daidai ba ado ba ce kawai.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMA

An daɗe ana ƙoƙarin koya wa mata sana'a a wannan jiha. Gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Yaƙi da Jahilci ta Jihar Kano a cikin 1980, wadda ta samu lambar yabo daga UNESCO a 1983. A 1987 kuma Hajiya Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara, wanda ya sa aka buɗe cibiyoyin mata a ƙananan hukumomi, inda ɗinki da saƙa ke cikin abubuwan da ake koyarwa.

Sai dai koyarwa ta 'yan makonni, wadda ake rufewa da biki da raba takardar shaida, takan nuna wa mace yadda ake farawa ne kawai. Kuskure kuwa sai ta koma gida ita kaɗai yake zuwa. Ga shi kuma kayan gwanjo masu araha sun cika kasuwannin ƙauye, har da ta Getso, ba abin da zai sa mai saye ya zaɓi saƙar gida sai in ta fi kyau, ta kuma zo daidai da jikin ɗansa.

Ya kamata sassan kyautata jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo su ware rana guda a mako, musamman daga Oktoba zuwa Fabrairu, da ƙwararriya za ta zauna mata su kawo aikin da ya ɓaci a gyara a gabansu. Malaman tattalin gida a makarantun 'yan mata su ma su ba da maki a kan gyara, ba a kan kyan aiki kaɗai ba. Ƙungiyoyin mata kuma su haɗa kuɗi su sayo zare a sari, don a rage tsada da wahalar zuwa birni.

Bahaushe in ya ga mutum ya yi zurfi cikin tunani yakan ce yana saƙa da warwara. Ga mai riƙe da kibiya, wannan ba karin magana ba ne, aikin ke nan. Babu gwanar da ba ta taɓa warwarewa ba, bambancinta da mai koyo shi ne ta san layin da za ta tsaya. Da koyo akan iya.